Dalilin da ya sa masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa ke rububin munanan injuna

A shekarar 1942, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Southern Railway da ke kudancin Ingila ya fito da wani sabon kan jirgi mai aiki da tururi wanda ya bar jama'a baki buɗe. Ƙafafunsa a tsirara suke babu murfi, babu dakalin da ma'aikata ke takawa a gefensa, tukunyarsa kuwa sai ka ce akwatuna uku aka jera. Sunansa Q1, amma laƙabin da ya bi shi shi ne "mummunan ɗan agwagwa". Abin mamaki, yau wannan inji na cikin waɗanda masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa ke alfahari da mallakar samfurinsu.

Wannan sha'awa tsohuwa ce a Birtaniya da Jamus da Amurka da Japan. Mutum yakan keɓe ɗaki ko babban teburi, ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo, ya gina tasha da gada da duwatsu, sannan ya saki jirage masu tafiya da lantarki. Ta yi kama da motar kara da yara ke yi, sai dai a nan komai da awo ake yin sa. A ma'aunin HO ana rage girman jirgi sau 87, a ma'aunin OO na Birtaniya kimanin sau 76, kuma dukansu suna hawa layi mai faɗin milimita 16.5.

Shaguna sun fi cika da samfuran kyawawan injuna irin su Mallard, wanda ya kafa tarihin gudu a 1938. To me ke jan wasu zuwa ga munana?

Ruwa ba ya tsami banza

Amsar ita ce kowane muni da dalilinsa. Kyakkyawan inji yakan lulluɓe aikinsa da fenti da sumul ɗin jiki, mummuna kuwa matsalar da aka ƙera shi dominta a fili take ga mai kallo.

Injiniya Oliver Bulleid ya zana Q1 a lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci, kuma ana buƙatar inji mai ƙarfi amma marar nauyi, wanda zai iya ratsa raunanan gadoji da kayan yaƙi. Sai ya cire duk abin da ba dole ba. An ƙera guda 40, kuma babu wani inji mai ƙafa shida irin ajinsu a Birtaniya da ya kai su ƙarfin ja. Ɗaya ne kawai ya tsira, yana hannun Gidan Tarihin Jiragen Ƙasa na birnin York.

A Amurka, layin Southern Pacific yana ratsa tsaunukan Sierra Nevada ta cikin ramukan da aka huda a dutse da dogayen rumfunan kare dusar ƙanƙara. Hayaƙi yakan turnuƙe direbobi har numfashi ya gagare su. Tun wajejen 1910 kamfanin ya juya injin gaba ya koma baya: ɗakin direba a goshi, bututun hayaƙi can a bayansa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne injunan mai suke ƙonawa, ana turo shi ta bututu, ba kwal ba da sai an ɗebo da shebur. Mai lamba 4294 yana ajiye a birnin Sacramento.

Shi kuwa injin Shay, wanda wani mai sana'ar katako a jihar Michigan, Ephraim Shay, ya yi wa rajista a 1881, kamar a karkace yake. Silindojinsa a tsaye suke a gefen dama, an gusar da tukunyar zuwa hagu, sannan wani dogon sanda mai ƙarafa masu haƙora yana juya dukkan ƙafafun. Ba ya sauri, amma yana hawa tudu da lanƙwasar da za ta kayar da injin gama-gari. Kamfanin Lima ya ƙera fiye da 2,700.

Mafi ban dariya shi ne na ƙasar Ailan. Daga 1888 zuwa 1924, jirgin da ke tsakanin Listowel da Ballybunion ya yi tafiya a kan dogo ɗaya tilo da aka ɗora bisa ƙafafun ƙarfe. Injin yana da tukunya biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tamkar mangala a bayan jaki, kuma dole a daidaita nauyin kaya da fasinjoji a ɓangarorin biyu kafin a tashi.

Inda gwaninta take bayyana

Dalili na biyu shi ne wahala. Kamfanonin samfura sun fi son injin da zai yi kasuwa, saboda haka da yawa daga cikin baƙin injuna sai mutum ya haɗa su da hannunsa. Wasu kan sayi gutsattsarin tagulla su liƙa da dalma, wasu su yanka faifan roba, wasu kuma a yanzu su zana a kwamfuta, na'ura ta fitar musu da siffar.

Kowane inji da irin ciwon kansa. A samfurin Shay, ƙananan ƙarafan nan masu haƙora dole su haɗu daidai, in ba haka ba injin ya riƙa tafiya yana tuntuɓe. Dogon inji irin na Southern Pacific ba ya iya shan kwanar ƙaramin ɗaki, shi ya sa a samfura da yawa akan bar rukunin ƙafafunsa biyu su riƙa juyawa, alhali a na gaskiya ɗaya ne kawai ke juyawa. Mai son jirgin Listowel kuwa, har layin sai ya ƙera da kansa, domin ba irin wanda ake sayarwa a shago ba ne.

Akwai kuma riba. Injunan da aka yi don daji da tsauni an yi su ne don matsattsiyar hanya, don haka samfurinsu yakan zauna daram a kan ɗan ƙaramin teburi. Misali shi ne injin Fairlie na layin Ffestiniog da ke yankin Wales, mai fuska biyu kamar an haɗa injuna biyu baya da baya. Ɗaya daga cikinsu, Merddin Emrys, an ƙera shi tun 1879 kuma har yau yana jan fasinjoji.

Abin da samfuri ke adanawa

Dalili na uku ya fi sauran nauyi. Kyawawan injuna sukan samu masu ceto, munana kuwa galibi a hannun masu yankan ƙarfe suke ƙarewa. Haka ta faru da Leader, wani injin na Bulleid da ya fito a 1949. Siffarsa kamar dogon akwati ce, da ɗakin direba a kowane ƙarshe, mai zuba kwal kuma a tsakiya, cikin wani ɗaki mai tsananin zafi. An fara ƙera biyar, ɗaya ne ya taɓa tafiya, kuma a 1951 aka farfasa su duka. Duk wanda ya ga Leader yana motsi a kan layi a yau, samfuri ya gani, wanda aka haɗa daga tsofaffin zane-zane da hotuna.

Wannan batu bai bar Afirka a baya ba. Injin Garratt, wanda kamfanin Beyer Peacock na Manchester ya fara ƙerawa a 1909, yana da tukunya a rataye tsakanin injuna biyu, tankin ruwa a gaba, kwal a baya. Tsarin yana raba nauyi a kan ƙafafu masu yawa, abin da ya dace da siraran layuka. Ya yi aiki a Afirka ta Kudu da Kenya da Sudan, kuma Nijeriya ma ta sayo irinsa a shekarun 1930 don tsohon layinta mai faɗin milimita 1,067.

Mai son farfaɗo da wannan tarihi a ma'aunin HO zai buƙaci layi mai faɗin milimita 12. Takardun kamfanin Beyer Peacock suna ajiye a Gidan Tarihin Kimiyya da Masana'antu na Manchester. Sauran bayanin, kamar ƙarar injin da yadda yake ɗaukar tudu da kaya, yana bakin tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka rage, kuma kullum raguwa suke yi.