Yawon Sallah a Gusau, Tsafe da Bungudu: Me Za a Ci, Me Za a Bari?

Da zarar an sauko daga Idi, hanyoyin da suka nufi Kanwuri, fadar Sarkin Katsinan Gusau, sai su cika maƙil da 'yan kallon hawa. Haka abin yake a ƙofar fadar 'Yandoton Tsafe, da ta Sarkin Fulanin Bungudu, da can Kwatarkwashi a gindin dutse. Da yamma kuma yara su kwarara filayen wasa inda ake hawa lilo. Duk inda taro ya haɗu kuwa, kasuwar ci da sha ta kafu ke nan. Ga mai tsire ya hura wuta, ga mai waina da tandarta, ga 'yan mata da kuloli cike da zoɓo da kunun aya, ga masu fura sun jera ƙorai.

Abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne, a waɗannan kwanaki ne kaɗai yaro ɗan shekara bakwai yake yawo da kuɗinsa a aljihu, kuɗin barka da Sallah, kuma shi ne mai yanke shawarar abin da zai shiga cikinsa. Ba ya tambayar ruwan da aka yi haɗi da shi. Launi da sanyi da zaƙi su ne ma'auninsa.

Mu manya ma ma'auninmu bai cika daidai ba. Nama muke zargi, mu juya tsire mu shinshina, sannan mu kora da zoɓon da ba mu san asalinsa ba. Alhali kuwa a irin wannan taro, abin da aka sauke daga wuta a gabanka shi ne mafi aminci, mai sanyin nan da rai yake so shi ne abin tuhuma.

Lokaci ma ya ƙara wa lamarin nauyi. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Gusau kan kai digiri 40, abinci ya lalace cikin 'yan sa'o'i. Babbar Sallah kuwa tana zuwa da shigowar damina, lokacin da ruwan sama ke wanko ƙazanta ya zuba a rijiyoyi. A 2021 an yi Babbar Sallah a watan Yuli ana tsaka da annobar kwalara. A shekarar, cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna, tare da Bauchi da Jigawa da Kano. Kwalara kuwa ta baki take shiga, ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata.

To, me za a ci? Ni dai in za a bi tawa, a fara da waina. Ka tsaya a zuba ƙullu a tanda a gabanka, a juya, a kwashe. Ƙosai da awara ma haka, daga mai zuwa hannu. Ɗanwake in yanzu aka tsamo shi daga tafasasshen ruwa, ba shi da laifi, sai dai ka dubi ruwan da ake tsoma shi bayan an tsamo, domin a nan ne wasu ke ɓata aikinsu. Hoce, wanda mu Zamfarawa muka gada kaka da kakanni, gasasshe ne kuma busasshe, ba ya saurin lalacewa. Baƙon da ya zo daga Kano ko Zariya ya koma bai ɗanɗana hoce da ƙuli-ƙuli ba, a ganina bai yi Sallar Zamfara ba. Alkaki da nakiya da dubulan su ma masu jure zafi ne, matsalarsu ƙuda da ƙurar dawakai, don haka a sayi wanda aka rufe.

Nama kuwa, balangun da ke kan wuta yana tsartuwa ya fi tsiren da aka tula a gefe tun safe ana jiran mai saye. Ka ce a mayar maka da shi wuta ya yi zafi har ciki, ba a ɗan nuna masa garwashi kawai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dahuwar da ta kai digiri 70 ita ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, kuma dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye babu wuta babu firji. Sau da yawa ma naman lafiyarsa lau, albasa da tumatir da kabejin da aka yanka da wuƙar ɗanyen nama su ne ke kai mutum asibiti. In ka ga da wuƙa ɗaya da katako ɗaya ake yanka komai, ka ce a bar maka kayan haɗin. Takardar jarida da buhun siminti kuma ba wurin naɗe abinci ba ne.

Akwai wadda ake rainawa, wato shinkafa. Dafa-dukar da aka sauke da asuba aka rufe a kula har la'asar tana iya tara wata guba da ɗumame ba ya kashewa, mutum ya ci ya kama amai kafin ya isa gida. Balle a ce an ɗora mata haɗin kabeji mai bama, wanda rana ta gama dafawa.

Yanzu mu zo kan abin sha, inda aikin yake. Zoɓo a karan kansa ba shi da aibu, tafasa shi ake yi da citta da kanumfari. Ɓarnar tana zuwa ne bayan an sauke: ruwan da aka ƙara don ya yi auki, ƙanƙarar da aka fasa aka jefa ciki, da gorar da aka ɗura. Mutane da yawa sun ɗauka sanyi yana kashe cuta. Ba ya kashewa. Ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa, in ta narke, ruwan nan ne dai ka sha, da taifot ɗinsa da komai. Ƙanƙarar da aka jera gora a kanta daban, wadda aka zuba a cikin abin sha daban. Gorunan kuwa, kowa ya san yadda yara ke tsinto su a tasha da wuraren biki, har da bola, a ɗauraye su a baho ɗaya a sake ɗurawa. Wata mai sayarwar kuma da baki take hura leda kafin ta zuba.

Kunun aya, duk daɗinsa da dabino da kwakwa, shi ne mafi rauni a cikinsu, domin ba a dafa shi, kuma ba ya jure zafi. In gora ta kumbura, ko ka buɗe ta fitar da iska, ko ka ji ɗan tsami, to zubarwa ya kamace shi. Kunun zaƙi da kunun tsamiya sun fi shi aminci tunda sun ga wuta, musamman in da ɗuminsu aka sha. Fura da nono kuwa, a nemi kindirmon da aka tafasa madararsa, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu. A dubi ludayin kuma: in shi ne wanda mutum goma suka sha da shi aka tsoma a ruwa guda, gara a zuba maka ka tafi da ita gida.

Mafi muni shi ne lemon gari mai launi, wanda ake kaɗawa a bokiti a sayar wa yara da araha. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suna fitsarin jini, wasu suka rasa rayukansu, bayan sun sha irin wannan haɗi. Binciken hukumar NAFDAC ya gano wani sinadari mai guba da aka sayar da sunan ɗan tsami, ga kuma garin lemo da wa'adinsa ya wuce. A watan Agusta na shekarar, a ƙauyen Ɗanzanke da ke ƙaramar hukumar Isa a jihar Sakkwato, mutum 24 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an sa gishirin lalle a abinci a zaton gishirin miya ne. Duk farin garin da aka auno a leda babu suna babu lamba, bai kamata ya shiga tukunya ko bokiti ba. Samari kuma su yi hattara da zoɓo ko shayin da abokai ke miƙowa ana dariya, don akwai masu zuba zaƙami, kuma ya haukata wasu, ya kashe wasu.

Mafita ba ta da tsada. Uwa ta haɗa zoɓonta a gida ta ɗura wa yara a gorarsu, ta ciyar da su su ƙoshi kafin su fita, babba ya riƙe kuɗin ƙarami. In za a sayi fiya wata, a duba lambar NAFDAC, a wanke bayan ledar kafin a kai baki. Lemo da ayaba da rake, duk abin da kai za ka ɓare da hannunka, ya fi kankanar da aka yanka aka shanya wa ƙuda.

In kuma abin ya faru, yaro ya fara gudawa, kada a jira gari ya waye, kada kuma a ce ai maiƙon Sallah ne. Mun san halin da hanyoyinmu suke ciki da dare, musamman ga na ƙauyukan Tsafe da Bungudu, don haka kowane gida ya tanadi ƙunshin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, tun kafin Sallah. In babu, a samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko da yana amai. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Gudawa fara kamar ruwan shinkafa, ko mai jini, ko idanu su faɗa, ko fitsari ya ɗauke, wannan na asibiti ne nan take, domin kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, Tsafe da Bungudu kuma kowanne yana da babban asibiti. In mutane da yawa suka kwanta bayan sun ci abu ɗaya, a adana ragowar, a sanar da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma, ko a kira NCDC kyauta a 6232.

Masu sana'a, ba wanda yake son hana ku cinikin Sallah. Ku tafasa ruwan haɗi, ku rufe kaya, ku ajiye buta da sabulu kusa, wanda ya kwana ya yi tsami kuma ku haƙura da shi. Ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu kuma, muna roƙo a fito da duba-gari su zagaya ƙofar fada da filayen wasa tun daga jajibere har a gama hawa.