Likitan Kutare da Ya Koma Ɗinkin Mafitsara

A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya sauka a Babbar Ruga, asibitin kutare da ke bayan garin Katsina. Aikin kuturta ya kawo shi. Bai daɗe ba sai ga wasu mata suna zuwa, ba kutare ba ne, amma su ma jama'a ta guje su. Fitsari ke bin ƙafafunsu dare da rana, da yawansu ma mazajen sun sake su.

Kowa a ƙasar Hausa ya san yoyon fitsari, daga Kano har ƙauyukan Madawa, Buza da Keita. Mace ta kwana biyu ko uku a durƙushe, haihuwa ta ƙi zuwa. Kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina ratsa wurin, naman ya mutu ya zube, ƙofa ta buɗe. Galibi ɗan ma ba ya zuwa da rai. Wanda ya san duwatsun Adar da yadda koramu ke yanke hanya da damina ba zai tambayi dalilin da ya hana a kai ta asibiti da wuri ba.

Waaldijk ya shiga ɗinkin. Abin da ya bambanta shi da sauran masu wuƙa shi ne alƙalami. Duk matar da ya duba sai ya rubuta girman ƙofar, inda take, abin da ya yi mata, da yadda ta ƙare. Daga waɗannan takardu ya fitar da kundin digirinsa na dakta a 1989, a kan mata 775. A 1995 ya wallafa tsarin da ya kasa ciwon gida uku, yana duba musamman ko ɓarnar ta taɓa wurin da ke riƙe fitsari, domin nan ne ake gane wadda za ta bushe bayan ɗinki da wadda za ta ci gaba da ɗiga. Har yau likitoci a ƙasashe da dama da sunansa suke kiran wannan tsari.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni shi ne bincikensa na 2004. A da, ƙa'idar likitoci ita ce mace ta koma gida ta jira wata uku kafin a taɓa ta. Wata uku cikin zarni, a ɗakin da ba mai leƙowa! A wannan tsakanin ne aure ke mutuwa. Waaldijk ya kawo bayanin mata 1,716 da ya karɓa tun ciwon yana sabo. Da zarar mace ta zo sai a sa mata robar fitsari, a bar ta makonni, tana shan ruwa da yawa. Mafitsara ta huta, ba ta cika ba balle ta buɗa raunin. Kusan kashi 15 cikin ɗari sun warke da robar kaɗai, ba a yanka su ba. Sauran aka ɗinke su da wuri, kuma fiye da tara cikin goma ƙofar ta rufe tun a karon farko.

Daga Katsina aikin ya bazu zuwa cibiyar Laure ta asibitin Murtala a Kano, da Sakkwato, da Zariya, ya tsallaka iyaka zuwa Damagaram. Ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya sun koya a hannunsa. Babbar Ruga kanta ta zama cibiyar ƙasa ta yoyon fitsari. A Danja kusa da Maraɗi ma, inda aka buɗe cibiyar yoyon fitsari a 2012, gefen asibitin kutare aka gina ta.

Ɗinki sai ƙwararre, kuma ƙwararru suna birni. Robar fitsari kuwa ba ta da tsada, ungozomar da aka horar tana iya sa ta a ɗakin haihuwa na Buza ko Keita ranar da aka ga zanen mai jego ya jiƙe. Wannan darasin nake so ya isa kowace ƙaramar likita ta jihar Tawa, ya isa kunnen uwar da ke wa ɗiyarta wankan jego, don kada ta ɓoye ta tana jiran a yi arba'in.