Wanke jiki daga guba: abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka fara

A bakin kasuwa ko tashar mota ba a rasa mai magani da lasifika yana jero fa'idoji: yana wanke dattin ciki, yana tace jini, yana fitar da maiƙo. A waya kuma ga masu tallar shayin rage tumbi da garin da ake cewa yana wanke hanta cikin mako guda. Masu saye suna da dalili, domin kumburin ciki da kasala da nauyin jiki abubuwa ne da ke damun mutane da gaske. Sai dai yawancinsu ta ƙarshen aikin suke farawa.

Aikin da jiki ke yi tun kafin ka sayi komai

Hanta ce ke karɓar kusan duk abin da hanji ya tsotsa, abinci ne ko magani. Takan sauya abubuwa masu cutarwa su koma waɗanda ke narkewa a ruwa, sannan ta tura su cikin ruwan matsarmama su bi bayan gida, ko cikin jini su nufi ƙoda. Ƙoda biyu kuwa suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar wa jiki kusan duka, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Idan suka gaza, babu shayin da ke maye gurbinsu. Wankin ƙoda a asibiti ake komawa.

Wani bita da masu bincike suka wallafa a 2015 bai sami gamsasshiyar hujjar da ta nuna cewa tsare-tsaren abincin wanke jiki na kasuwa suna fitar da guba ba. Ka tambayi mai sayarwa sunan gubar da maganinsa ke fitarwa. Da wuya ka ji amsa.

Gudawa ba wanki ba ce

Da yawa daga cikin magungunan wankin ciki filasko ne a ciki ko danginsa. Yana tsokanar hanji ya yi ta murɗawa, mutum ya kwana yana zarya zuwa banɗaki, da safe ya ji sakayau ya ce datti ya fita. Abin da ya fita ruwa ne da gishirin jiki, kuma kilon da ya ragu a sikeli zai dawo cikin 'yan kwanaki. Wanda ya mayar da shi al'ada hanjinsa kan yi kasala, mai ƙoda mai rauni kuma rashin ruwa na iya ƙarasa ta. An gudu gara ke nan an faɗa wa zago. Gumi ma haka: ruwa ne da gishiri, ba hanyar fitar da guba ba ce ta a zo a gani.

A fara daga rumbu da madafa

Nan ne aikin yake, kuma nan masu talla ba sa taɓawa, don babu riba a ciki.

Ɗauki gyaɗa. Idan aka adana ta da danshi takan yi fumfuna, fumfunar ta haifar da wata guba da ake kira afulatoksin, wadda ke cikin manyan musabbaban sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Ka baza gyaɗa a faifai ka duba: ƙwayar da ta yamutse, wadda ta yi baƙi-baƙi ko kore-kore, wadda ƙwaro ya huda, wadda ka tauna ka ji ɗaci. Waɗannan na zubarwa ne. Abin takaici, su ne ake warewa a sayar da araha su ƙare a ƙuli-ƙuli da tunkuza. Masara ma haka take. Hatsi ya bushe sarai kafin a zuba a buhu, buhun kuma a ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Sai wake. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan masu zuba maganin ƙwari irin su Sniper don hana shi ɓaci, da masu nunar da ayaba da mangwaro da kabayid. Waken da ke warin magani a bar shi a kasuwa. Mai ajiya a gida kuma yana da wani buhu mai rufi uku da ke hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba komai ba.

Magungunan da ake sha ba ƙa'ida ma suna cikin lissafi. Farasitamol idan ya wuce giram 4 a rana ga babba yana iya lalata hanta, kuma yana ɓoye cikin magungunan mura da yawa. Ƙwayoyin ciwon jiki da leburori da 'yan acaɓa ke haɗiya kullum suna wahalar da ƙoda. Ga man bilicin mai sinadarin makuri, ga taba da shisha, ga hayaƙin itace a rufaffen ɗakin girki, wanda mata da goyonsu suka fi shaƙa.

Abin da za a ƙara a kwano, da abin da za a rage

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: gishiri ƙasa da giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, sukari kada ya wuce kamar giram 50, ganye da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400. Ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, robar lemo ta rabin lita kuwa tana iya cinye kason sukarin yini ita kaɗai. Daddawa da albasa da citta na rage buƙatar magi a miya.

Mai fama da taurin bayan gida abincin gargajiya ya ishe shi: tuwon dawa ko gero da ba a surfe ƙwarai ba, wake, miyar kuka da kuɓewa, kwaɗon rama, dambun zogale. A ƙara su sannu a hankali, in ba haka ba ciki ya cika da iska. Ruwa kuma a sha har fitsari ya yi haske. A haɗa da tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, da barcin sa'o'i bakwai.

Zoɓo, zogale da tsamiya fa?

Abinci ne masu kyau, a ci a sha. Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, amma na ƙullin leda da aka cika wa sukari ya rushe amfanin. Ganyen zogale yana gina jiki, saiwarsa da ɓawonsa kuwa mai ciki ta nisance su. Tsamiya tana sassauta ciki. Iyakarsu ke nan. Kunun kanwa ma a yi hattara: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan sa lokacin jego da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Idan gubar ta gaske ce

A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba yaran maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, don yaron da aka yi wa magani ya koma wasa a ƙasar da ta sa masa ciwo aikin banza aka yi.

Idanu sun yi rawaya, ƙafafu ko fuska na kumbura, fitsari na kumfa ko ya ragu, rama ba dalili: waɗannan na asibiti ne, ba na jiƙo ba. Mai ciwon sukari, mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda kada su shiga tsarin yini a kan ruwan 'ya'yan itace kaɗai sai da shawarar likita. Mai lafiya kuma, kuɗin da zai kashe a kwalbar wankin ciki ya kai su awon hawan jini da sukari da gwajin ciwon hanta nau'in B, in sakamako ya nuna ba ya ɗauke da shi ya nemi allurar rigakafinsa, wadda manya ke yi sau uku cikin wata shida.