Jinin Tunkiya da Neman Uwar Ƙwayoyi

A hutun da ya wuce na raka mahaifiyarmu da ƙanwata mai fama da sikila daga Kafanchan zuwa wani babban asibiti. Likitan ba ya jin Hausa, saboda haka ni aka ɗora wa tafinta. Ina cikin yi sai ya ambaci "sitem sel", nan take na yi turus. Da ƙyar na ce wani abu ne a cikin ɓargo. Inna ta dube ni ta ce, "Ɓargon da kuke tsotsa a ƙashin miya?" Kunyar ranar ce ta sa na shiga bincike, binciken kuwa ya kai ni inda ban zata ba, wato wurin tunkiya.

Jikin mutum da na dabba an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kowace da aikinta. Amma akwai wasu 'yan kaɗan da ba su riƙe sana'a ɗaya ba. Idan ɗaya ta rabu biyu, takan samar da wata irinta, ta kuma samar da wadda za ta zama wani abu dabam. A shekarar 1961 Till da McCulloch suka nuna hakan a Toronto ta ƙasar Kanada, ta hanyar gwaji a kan ɓeraye. Ɓargo yana ɗauke da iri biyu: masu haifar da jini, da masu haifar da ƙashi da guringuntsi da kitse. Na farkon su ake dasa wa mai sikila. A Nijeriya an fara wannan dashe a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Na biyun kuwa ana fatar su gyara ƙashin da ya lalace, kuma sikila takan kashe kan ƙashin ƙugu.

To, ina ruwan tunkiya? Ɓera ya yi ƙanƙanta. Tunkiya kuwa, musamman manya irin Balami, nauyinta da girman ƙashinta sun kusanci na mutum, don haka likitan ƙashi zai iya gwada aiki a kanta kafin ya taɓa ɗan Adam. A Jami'ar Nevada ta Amurka, Esmail Zanjani ya shafe shekaru yana sanya ƙwayoyin mutum cikin ɗan tayin tunkiya don ya ga ko za su zauna.

Tatsar ɓargo sai an huda ƙashi. Jini kuwa sirinji kawai yake buƙata a jijiyar wuya, tunkiya ta koma kiwonta. Matsalar ita ce waɗannan ƙwayoyi baƙi ne a cikin jini, ba su da yawa ko kaɗan, kuma wani lokacin a yi ta nema ba a samu ba.

Ga yadda ake yi. Ana haɗa jinin da maganin hana daskarewa, a kwarara shi a hankali bisa wani ruwa mai nauyi da ake kira Ficoll, a saka a na'ura mai wulwulawa. Duk wadda ta taɓa sheƙar hatsi ta san dabarar: mai nauyi da marar nauyi ba sa sauka wuri ɗaya. Jajayen ƙwayoyi su nutse ƙasa, ruwan jini ya taso sama, a tsakiya sai wani siririn farin zobe. Shi ake zuƙowa a zuba a kwalbar roba mai ɗauke da ruwan abinci, a ajiye a akwatin ɗumi mai digiri 37. Bayan 'yan kwanaki sai a sauya ruwan. Masu yawo su bi ruwa su tafi, waɗanda suka manne wa robar su ake so. Makonni ake yi ana renonsu, kuma idan wuta ta ɗauke ta daɗe, aikin ya lalace. A ganina wannan ne babban cikas a wurinmu, domin tumaki dai ga 'Yankasa nan birjik har Ladduga ta Kachia, ga kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, can kusa da Jos, tun 1924.

Mannewa kaɗai ba shaida ba ce, don akwai wasu ƙwayoyin da su ma sukan manne. A 2006 masana suka amince da sharuɗɗa uku: mannewa, da wasu alamomi a bayan ƙwayar, da iya rikiɗa. Alamomin sukan ba da wahala a tunkiya, saboda yawancin sinadaran gano su an yi su ne don mutum da ɓera. Shi ya sa gwajin rikiɗa ya fi burge ni. A raba ƙwayoyin gida uku, kowane a ba shi abinci dabam, bayan kamar mako uku a zuba rini. Inda ƙashi ya fara samuwa rinin ya kama ja, ɗigon kitse ma wani rinin ya mai da su ja, guringuntsi kuma ya yi shuɗi. Da abin da ta haifa ake gane ta.

Nan ne aikinmu na ɗaliban harshe ya shigo. Na gwada "ƙwayar tushe", amma bin kalmar Turanci ne kurum, kuma tushe ba ya haihuwa. "Ƙwayar asali" ta yi faɗi, mai sauraro zai zaci ana maganar gado. Ni dai na fi natsuwa da "uwar ƙwayoyi", duk da na san uwa ba ta rabuwa biyu. Masu ƙirƙirar kalmomi a cikinmu suna iya kawo wadda ta fi.

Da na koma gida na gwada ta a kan Inna. Ba ta tambaye ni ma'ana ba, sai cewa ta yi, "To, uwar ta wa za a sa mata?" Na ce ta ɗan'uwa shaƙiƙi aka fi so, kuma damar dacewar kowane shaƙiƙi ɗaya ce cikin 4. Ta ce in shirya, da ni za a fara gwajin.