Sarauniya: Yadda aka shirya fim ɗin yaƙin Lugu

A shekarar 1986 ne aka fitar da Sarraounia, fim ɗin da har yanzu ake sanya shi a sahun gaba cikin finafinan yaƙi da aka taɓa shiryawa kan tarihin ƙasar Hausa.

Fim ɗin, wanda Med Hondo ɗan ƙasar Muritaniya ya ba da umarninsa, ya ci kuɗi kimanin dala miliyan uku, kuma sai da aka shafe shekara bakwai ana haɗa kuɗin.

To sai dai duk da cewa labarin na Hausawa ne, ba a ƙasar Hausa aka ɗauke shi ba, kuma ba Hausa ce ta mamaye bakin 'yan wasan ba. Dalilan da suka janyo hakan na nuna irin ƙalubalen da ke gaban duk mai son ya mayar da yaƙe-yaƙen Katsina, ko Kano, ko Zazzau zuwa majigi.

Abin da ya faru a 1899

A ƙarshen shekarar 1898 ne Faransa ta tura wata rundunar soja ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, da nufin ta ratsa daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi.

Turawan da ke cikin rundunar 'yan ƙalilan ne. Akasarinta sojojin Afirka ne da 'yan dako, kuma da yake ba a ba ta isasshen guzuri ba, sai ta riƙa ƙwace abinci da dabbobi da mutane a garuruwan da ta bi, tana ƙona duk wanda ya yi turjiya.

A ranar 16 ga watan Afrilun 1899 rundunar ta auka wa Lugu, wani gari na Hausawa masu addinin gargajiya a ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutse. Sarauniya Mangu da mutanenta sun yi tsayin daka da baka da kibiya, kana suka janye cikin kurmi.

A watan Mayu kuma rundunar ta yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni. Tun kafin nan labarin ta'asar da rundunar ke yi ya riga ya kai birnin Paris, inda aka tura Laftanar Kanar Klobb ya karɓe ragamarta.

Voulet ya sa an harbe Klobb a ranar 14 ga watan Yuli. Cikin kwana uku da suka biyo baya sojojin suka yi bore, suka kashe Chanoine da Voulet a yankin Maijirgi da ke ƙasar Tasawa, arewa da Katsina. Sauran rundunar ta ci gaba, ta kama Damagaram a ƙarshen watan.

Daga littafi zuwa majigi

Rahotannin sojan Faransa dai ba su yi dogon bayani kan Sarauniya ba. Labarinta ya ci gaba da rayuwa ne a bakin mutanen yankin, har zuwa 1980, lokacin da marubucin Nijar Abdoulaye Mamani ya buga ƙagaggen labarinsa da Faransanci.

Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya yi zaman gudun hijira, ya kuma sha ɗauri a zamanin mulkin Janar Seyni Kountché. A littafin nasa ya ɗaga Sarauniya daga matsayin shugabar gari guda zuwa alamar turjiyar Afirka baki ɗaya.

Med Hondo, wanda ya yi aikin rubuta fim ɗin tare da Mamani, ya daɗe yana zaune a Faransa. Wani ɓangare na abin da yake kashewa a finafinansa daga aikin juya murya yake samo shi, domin shi ne muryar ɗan wasan Amurka Eddie Murphy a finafinan da aka fassara zuwa Faransanci.

Da farko a Nijar aka shirya ɗaukar fim ɗin, amma hukumomin ƙasar suka janye kafin a fara aiki. Gwamnatin Kyaftin Thomas Sankara ce ta buɗe wa Hondo ƙofa, aka koma Burkina Faso.

Wannan sauyi ya shafi fim ɗin kansa. Aï Keïta, 'yar Burkina Faso, ita ce ta fito a matsayin Sarauniya, ɗan wasan Faransa Jean-Roger Milo kuma ya fito a matsayin Voulet. Harsunan Jula da Fulatanci da Faransanci ne suka fi yawa a cikinsa.

Ina kuɗin ke tafiya?

Fim ɗin yaƙi ya bambanta da na soyayya da ake iya gamawa a falo biyu da mota ɗaya.

Da farko akwai jama'a. Kafin a nuna runduna tana tafiya a daji, sai an tara ɗaruruwan mutane, a ɗinka wa kowa tufafin zamanin, a ciyar da su, a shayar da su, a kuma kai su wurin aiki kullum. Fagen fama da mai kallo zai gani cikin minti biyar na iya cin kwanaki ana ɗauka, domin kowane motsi sai an maimaita shi ta fuskoki dabam-dabam.

Sai kuma gari. Tunda labarin na ƙone-ƙone ne, dole a gina bukkoki da rumbuna da ganuwa domin kawai a cinna musu wuta. Idan aka yi kuskure a ɗaukar farko, sai an sake gini.

Akwai dawaki da raƙuma, da masu kula da su, da mahayan da suka iya faɗuwa ba tare da sun karye ba. Akwai bindigogi irin na wancan zamani da masu haɗa albarushin wasa.

A zamanin Hondo kuma da fim na faifai ake aiki, wanda sai an sayo shi daga Turai, a kuma mayar da shi can a wanke, kafin mai ba da umarni ya ga abin da ya ɗauka.

Duk da haka kuɗin Sarraounia bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka kashe wa fim ɗin Umar Mukhtar ba, wanda Moustapha Akkad ya fitar a 1981. Wancan fim, da ya shahara a arewacin Najeriya, ya ci kimanin dala miliyan 35, kuma gwamnatin Mu'ammar Gaddafi ta Libiya ce ta ɗauki nauyinsa.

Siyasar nunawa

Gama fim ba shi ne ƙarshen wahala ba. Italiya ta hana nuna fim ɗin Umar Mukhtar a 1982 bisa hujjar cewa ya zubar da mutuncin sojanta, kuma sai a 2009 aka nuna shi a wani gidan talabijin na ƙasar.

Shi ma Sarraounia bai daɗe a gidajen sinima na Faransa ba bayan fitarsa a ƙarshen 1986. A Afirka kuwa ya samu karɓuwa, inda a 1987 ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO da ake yi a Wagadugu.

Ga mai kallo Musulmi akwai wani batun. Fim ɗin ya nuna sarakunan Musulmi na yankin cikin ruɗani kan ko ya dace su mara wa shugabar da ba ta bin addininsu baya a gaban abokin gaba guda. Wannan fassarar Mamani da Hondo ce, ba rahoton tarihi ba, kuma tana nuna yadda mai riƙe da kyamara ke da ikon zaɓen gwarzo da mai laifi.

Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, Hondo kuma ya rasu a Paris a watan Maris na 2019.

Ƙoƙarin da aka yi a Najeriya

A Najeriya, Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar da Hausa a 1976, daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuɗin gwamnati. Fim ɗin ya ɓace wa masu kallo shekara da shekaru, sai da aka gyara shi a Jamus aka sake nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

A watan Nuwamban 2021 kuma kamfanin Netflix ya fitar da Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarninsa, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar Zazzau, Ali Nuhu na cikin 'yan wasan. Ya lashe kyautar fim mafi kyau a gasar AMVCA ta 2022, amma ya sha suka a Arewa saboda da Ingilishi aka yi shi, da kuma yadda aka nuna sutura da al'adun fada.

Masana'antar Kannywood kuwa ta ginu ne kan ƙananan jari da ake son su dawo cikin makonni. Shirin gwamnatin tarayya na gina dandalin shirya finafinai na naira biliyan uku a jihar Kano ya rushe a 2016, bayan adawar da malamai da wasu jama'a suka nuna.

Abin da Katsina ke da shi

Labari dai ba shi ne matsala ba. Bayan da masu jihadi suka karɓi Katsina a 1807, Umarun Dallaji ya zama sarki, zuriyar tsohuwar sarauta ta koma arewa ta kafa mulki a Maraɗi. Sassan biyu sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna kai wa juna hari, musamman a zamanin Sarki Ɗan Baskore na Maraɗi.

Sunan Ƙofar Kaura kansa na tuna wa mutane wancan zamani, domin Kaura shi ne jagoran mayaƙan Katsina, kuma Maraɗi ma tana da nata Kauran.

Wasu daga cikin kayan da suka fi tsada ma suna nan. A kowace hawan sallah ana fitowa da ɗaruruwan dawaki, da 'yan lifidi, da sulke da kwalkwali, ga kakaki da tambari, ga kuma mahayan da suka gaji hawa daga kakanni.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin ɗauka. Mafi yawan ganuwar birnin ta zaizaye ko gidaje sun cinye ta, kuma tun 2023 gadar ƙasa ce motoci ke bi a Ƙofar Kaura. Wanda ke son nuna runduna tana fita ta wannan ƙofa sai ya gina tasa a wani fili, nesa da turakun lantarki da rufin kwano.

Sai kuma tambayar da ta fi kuɗi nauyi: daga wane ɓangare za a ba da labarin? Jikokin waɗanda suka gwabza suna nan da rai, wasu na riƙe da sarauta a Katsina, wasu a Maraɗi, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba su ƙasa biyu.

Tarihin Sarraounia ya nuna cewa irin wannan fim ba ya yiwuwa sai da mai zuba kuɗi mai dogon haƙuri, wanda galibi gwamnati ce. Ya kuma nuna cewa wanda ya ba da kuɗi da fili, shi ne ke da ta cewa kan inda za a ɗauki labarin da harshen da za a ji shi.