Shanyewar ɓarin jiki: kada a ɗura wa maras lafiya kunu sai malamin jinya ya duba

Manoma da makiyaya, ku saurara. Akwai wata cuta da ke kada mutum farat ɗaya. Yana noma ko yana ban ruwa, sai baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta harɗe. Ita ce shanyewar ɓarin jiki. Jijiyar jini ce ta cikin ƙwaƙwalwa take toshewa ko take fashewa. Babban abin da ke kawo ta shi ne hawan jini, wanda muke kira tansiyo. In kun ga haka, a ɗauki mutum a kai shi gidan likita nan da nan. Kada a jira gari ya waye.

A Yamai ana karɓar irin waɗannan marasa lafiya a babban asibitin ƙasa, da asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde, da kuma babban asibitin nan da aka buɗe a shekarar 2016. Likita yakan duba, ya rubuta magani, ya wuce wurin wani. Masu kwana da tashi kusa da gado su ne malaman jinya, ƙarƙashin babbansu majo, sai kuma dangi masu zaman jinya. Mutum zai iya tsira daga faɗuwar farko, amma wasu cututtuka su biyo baya su kashe shi a kan gado. Aikin malaman jinya shi ne tare su.

Na ɗaya, haɗiya. Cutar takan raunana maƙogwaro. Kunu ko ruwa sai ya ɓace hanya, ya gangara cikin huhu. Daga nan ciwon huhu yake kamawa, kuma yana kisa. Don haka malamin jinya yakan zaunar da maras lafiya, ya gwada shi da ɗan ruwa a cokali. In ya shaƙe, ko ya yi tari, ko muryarsa ta canza, sai a tsai da ci ta baki, a sa masa siririn tiyo ta hanci zuwa ciki. Ƴan'uwa, nan ne muke yin kuskure. Tausayi yakan sa mu ɗura wa tsoho fura, ko koko, ko jiƙo yana kwance. Wannan tausayin yana iya zama ajalinsa. Ko ɗigo kada a ba shi sai an yi izini.

Na biyu, zafin jiki. Zazzaɓi yana ƙara ɓata ƙwaƙwalwar da ta ji ciwo. Ana auna shi sau da yawa a yini. In ya wuce 37.5, ana ba da magani, a kuma nemi dalili: ko cizon sauro ne, ko huhu, ko mafitsara.

Na uku, sukari. In ya yi yawa cikin jini, yana hana samun sauƙi. Ana ɗan soka yatsa a auna, ko da mutum bai taɓa ciwon sukari ba.

An gwada wannan hanya a ƙasar Ostireliya, a ɗakunan jinya 19, aka fito da sakamako a shekarar 2011. Inda malaman jinya suka tsare haɗiya da zazzaɓi da sukari, mutum 42 cikin 100 ne suka mutu ko suka kasa yi wa kansu hidima bayan wata uku. Inda ba a bi tsarin ba, mutum 58 ne. Kun ga bambanci, kuma ba da wata na'ura mai tsada aka same shi ba.

Na huɗu, gyambon kwanciya. Wanda ba ya motsi, fatarsa takan mutu a ƙugu, da gindin baya, da dunduniya. A riƙa juya shi kowace awa biyu, dare da rana. Shimfiɗa ta zama busasshiya, babu fitsari, babu yashi. In kun ga wuri ya yi duhu ko ya yi zafi, ku gaya wa malami.

Na biyar, ƙagewar gaɓoɓi. Za a koya muku yadda ake miƙe hannu da ƙafa a hankali kullum. Kada a ja shi ta shanyayyen hannu, kafaɗa na iya gocewa. In ƙafa ɗaya ta kumbura, kada a murza ta, a kira malami, don jini ne kan daskare a ciki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malaman jinya sun yi karatun aikinsu, kamar a makarantar lafiya ta Damure Zika da ke Yamai, amma ba su da yawa, gadaje kuwa sun cika. Mai zaman jinya shi ne idonsu. Ya tambaya, ya koya, don bayan sallama aikin a hannunsa zai koma.

In an koma ƙauye, a ci gaba da shan maganin tansiyo ko da an ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen magi, a bar taba. Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa maƙwabta wannan shafi, kuma ranar kasuwa ku biya gidan likita a auna muku jini.