Shirin Musamman: Gidan da Ya Yi wa Bam Maraba

Yau za mu leƙa Ingila ta fiye da shekara 100 da suka wuce, mu shiga wani gidan ƙauye a yankin Sussex, inda ba mai aikin yi, kuma ba mai kwana da yunwa.

Gidan na dandamalin wasan kwaikwayo ne. George Bernard Shaw, haifaffen Dublin a 1856, shi ya gina shi cikin wasansa Heartbreak House, wanda ya rubuta ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka buga shi a 1919. Shaw bai ɓoye ba cewa sawun Anton Chekhov na Rasha ya bi, marubucin da ya sha nuna masu hali suna zuba surutu, dukiyarsu tana zurarewa a gaban idonsu.

Maigidan shi ne Kyaftin Shotover, tsohon matuƙin jirgin ruwa mai shekara 88. Ya sa an gina masa falo da siffar bayan jirgi. Yakan faki ido ya fita ya kurɓi barasa, kuma yana tara nakiya a wani ramin tsakuwa a cikin lambu. To, da me gidan ke ci? Da ƙere-ƙeren tsohon. Ya ƙera kwale-kwalen ceton rai, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Sai 'yarsa Hesione, mace mai fara'a da son baƙi, ta ce masa ya ƙirƙiro abin da zai hallaka jama'a da yawa, don shi ke kawo kuɗi. Ta faɗi haka ne kamar mai aiken yaro kasuwa.

Ga kuma budurwa Ellie Dunn, 'yar talaka mai ilimi. Ta kamu da son wani jarumi da ke ba ta labaran bajintarsa, ashe mijin Hesione ne, Hector, wanda ba shi da sana'a sai shirga ƙarya da yi wa mata kwalliya. Da zuciyarta ta karye, sai ta ce to, bari ta auri kuɗi. Mai kuɗin shi ne Mangan, attajirin da ake kira ubangida, wanda har gwamnati ta jawo shi jikinta. Can dare ya yi, Mangan ya fasa ƙwai: ba shi da ko sisi nasa na kansa. Masana'antun na masu hannun jari ne, shi kuɗin tafiye-tafiye da ɗan kamasho yake ci.

Akwai ɗaya 'yar Kyaftin, Ariadne, matar wani gwamnan mulkin mallaka, da ta dawo gida bayan shekara 23. A ganinta, ciwon gidan ɗaya ne, babu dawaki, ciwon Ingila kuwa sanda ce maganinsa, a ba mijinta iko kawai. Mu da aka aiko wa kakanninmu irin waɗannan gwamnoni, ba sai an yi mana fassara ba.

Abin da ya sa wasan ke cizo, masu sauraro, shi ne mutanen nan ba wawaye ba ne, ba kuma mugaye ba. Sun karanta littattafai, sun san kiɗa, sun iya zance. Amma sun sakar wa irin su Mangan da mahaya dawaki ragamar ƙasa, su kuma suka zauna suna tattauna wa ke son wa. Kyaftin yana ta gargaɗin cewa jirgin da ba a kula da tuƙinsa dutse zai ci karo da shi. Ana jinsa, ana dariya, ana cewa tsufa ne.

Sai ga rugugi daga sama. Ba wanda ya ambaci yaƙi tun farkon wasan, amma ga jiragen abokan gaba sun iso. Aka ce a kashe fitilu, Hector ya bi ɗaki ɗaki yana kunna su. Mangan da wani ɓarawo da aka kama a gidan suka ruga neman tsira, suka faɗa ramin nan na nakiya. Nan bam ya sauka. Su biyun da suka fi kowa son ransu, su kaɗai suka mutu. Hesione da Ellie kuwa, fatansu jiragen su dawo gobe da dare, don sun daɗe ba su ji daɗi irin na yau ba.

Shaw ya san wannan jin daga kusa. A watan Oktoba na 1916, daga ƙauyensa na Ayot St Lawrence, ya ga an harbo jirgin Zeppelin na Jamus, ya faɗi yana ci da wuta a Potters Bar. Tun 1914 ma 'yan ƙasar suka juya masa baya saboda ƙasidar da ya rubuta yana ɗora wa Ingila nata kason laifin yaƙin.

Bai bari an nuna wasan ba sai da aka ajiye makamai. An fara nuna shi a New York a Nuwamba 1920, ya iso Landan a 1921, inda masu sharhi suka yi ta ƙorafin tsawonsa. Dalilin jinkirin, in ji Shaw, ba a yi wa mutane ba'a suna cikin binne 'ya'yansu, sannan Jamusawa na iya mai da fitowa ta ƙarshe ta zama gaske a kowane dare, ba tare da sun jira an ba su alamar shigowa ba.